Ɗiya ba haja ba ce

A shekarar 1996, an sayar da wata yarinya mai suna Hadijatu Mani. Shekarunta 12. Kuɗin da aka biya, jika 240 na sefa. Wanda ya saye ta magidanci ne a ƙasar Ƙwanni, yana da mata huɗu. Ya ajiye ta wahaya: ba sadaki, ba ɗaurin aure. Daka nata ne, ɗiban ruwa nata ne, aikin gona ma nata ne. In ta yi gardama, sai duka.

Shekara 9 ta yi cikin wannan hali. Maƙwabta suna gani. Mata suna gamuwa da ita bakin rijiya. Amma kowa ya ce ba gidansa ba ne. Shirun nan shi ya tsawaita wahalarta.

Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991 don yaƙi da bauta, ita ta tsaya mata. A 2005 aka ba ta takardar ƴanci. Ranar 27 ga Oktoba 2008, kotun ƙasashen yammacin Afirka, wato CEDEAO, ta zauna a Yamai. Ta ce hukuma ba ta kare yarinyar ba, sai a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa.

Tun 2003 dokar Nijar ta hana bauta. Hukuncinta ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ne. A 2014, kotu a Birnin Ƙwanni ta ɗaure wani dattijo shekara 4 saboda ya ajiye wahaya.

Amma alƙali ba ya kwana cikin ƙauye. Idon maƙwabci ya fi idon jandarma kusa. Shi ya sa a 2019 gwamnati ta yi dokar kafa kwamitin kare yara, tun daga babban birni har ƙauye. Daga Ƙwanni zuwa Malbaza har Illela, aikin gargaɗi na kowa ne: mai gari, liman, malamin makaranta, ungozoma, mata da samari.

Ga alamun da ya kamata a lura da su. Yarinya baƙuwa a gida, ba a san danginta ba, ba a ga bikinta ba. Yaro mai tabon bulala ko ƙuna. Ɗiyar da aka fidda daga makaranta dare ɗaya. Ɗan kiwo ƙarami da ke kwana daji da yunwa.

Wanda ya ga haka, kada ya tona asirin yaron a kasuwa ko bakin rijiya. Ya sanar da mai gari ko ɗan kwamiti. In akwai rauni, a kai yaron likita tukuna. In mai gari ya yi shiru, a tafi wurin jandarma ko alƙali.

Hausawa sun ce ɗa na kowa ne. In haka ne, kukansa ma na kowa ne.