Wayarka Ta Fi Ƙarfin Kallon Bidiyon Majalisa Kawai

Ɗan'uwa, ka tuna lokacin da Gudaji Kazaure yake Majalisar Wakilai, daga 2015 zuwa 2023? Da ya miƙe ya yi magana, kafin magariba bidiyon ya zagaye WhatsApp. Kowa ya kalla, an tura wa abokai. Amma mutum nawa ne a Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi suka taɓa buɗe kasafin kuɗi su ga abin da aka ware wa mazaɓarsu?

A ganina nan muke asarar data. Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya yana ɗora kasafin kowace shekara a shafinsa. Ka sauke fayil ɗin (yana da nauyi, gara ka bari sai dare), ka danna alamar bincike, ka rubuta Gwiwa ko Roni. Idan akwai aikin da aka rubuta da sunan garinku, zai fito da kuɗinsa. Mutumin Babura ya lura, mazaɓarsa Babura/Garki ce, wakilinsa daban, amma sanatanku ɗaya, na Jigawa ta Arewa maso Yamma.

Za ka ce ai ba sa sauraro. To, wanda ya yi zagi a Facebook bulokin ɗinsa ake yi, shi ke nan. Wanda kuwa ya ɗora hoton shafin kasafi kusa da hoton filin da aka ce an gina aji, ya tambaya cikin ladabi ina ajin yake, yaran ɗan majalisar ma sai sun nemo amsa kafin zaɓe ya ƙarato.