Matar Wanda Ya Ɓata

Zancenmu na yau a kan matan da 'yan bindiga suka tafi da mazansu ne, ko kuwa mazan suka fita ranar da gari ya watse ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Irin waɗannan mata suna nan a ƙasar Kebbe wajen iyaka da Gummi, waɗansu kuwa sun yi hijira sun sauka gidajen dangi a Tambuwal da Jabo da Dogon Daji. Ga mace nan, ba miji a ɗaki, ba ta kuwa shiga takaba ba. Ba ta da halin yin wani aure, ba a raba gado ba, in mijin yana da ajiya a banki sai a ce ta kawo takardar shaidar mutuwa. To, wa zai yi shaidar mutuwar wanda ba a ga gawarsa ba?

Ku sani shari'a ba ta bar wannan al'amari a sake ba. Malamanmu na Malikiyya suna kiran irin wannan mutum mafƙudi, watau wanda labarinsa ya yanke. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani an yanka wa matarsa shekara 4, sa'an nan ta yi idda irin ta mamaci, wata 4 da kwana 10, bayan haka ta yi aure in ta so. Amma ga inda mutane suke tuntuɓe: ba a fara lissafi daga ranar da ya ɓata. Ana farawa ne bayan ta kai maganar gaban alƙali, an yi cigiya, an rasa labarinsa. Saboda haka matar da ta zauna shekara 3 a ɗaki tana kuka, ba wanda ya kai ta gaban shari'a, wallahi ko kwana ɗaya ba ta rage ba daga cikin wa'adinta.

Kuma wannan jira ga wadda miji ya bar wa abin ci ne. In bai bar kome ba, tana da ikon neman a raba auren saboda rashin ci da sha, wa'adinsa kuwa bai kai wancan ba ko kusa. Muhtasar na Halilu ya ware hukuncin wanda ya ɓata a fagen faɗa daban, ya kuma nuna in babu alƙali ko mai mulki a kusa, jama'ar Musulmi na tsayawa a madadinsu. Rarrabe waɗannan aikin alƙali ne, ba na 'yan hira a gindin bishiya ba. Dukiyar mafƙudi kuwa ba a rabonta sai ya kai shekarun da tsaransa ba su cika wucewa ba, 70 bisa ga mafi shaharar zance. Dokar shaida ta Nijeriya ta 2011 ita shekara 7 ta sa kafin kotu ta ɗauka mutum ya mutu.

Na ji masu cewa abin kunya ne mace ta je kotu, wai kamar tana yi wa mijinta fatan mutuwa. Wannan jahilci ne, kuma su masu faɗar haka ba su ne ke kai mata tsaba ba.

Ba mu kaɗai wannan masifa ta sama ba. A ƙasar Yukren, inda Rasha ta kai babban yaƙi a 2022, sun yi dokar ɓatattu tun 2018, suka buɗe littafin sunayensu a 2023, iyali su karɓi takardar shaida daga ciki, har a naɗa mai kula da dukiyar wanda ya ɓata. Mu ma ba mu rasa tawada ba. Ina roƙon hakimai da masu unguwanni na Kebbe da Tambuwal kowa ya buɗe littafi, a rubuta sunan wanda ya ɓata, da ranar, da wurin, da wanda ya gan shi a ƙarshe. A rubuta waliyyi da shaidun auren, gama ƙauye in ya watse shaidu ma watsewa suke yi, waɗansu su riga mu gidan gaskiya. Limamai kuma su faɗi wannan hukunci ran Juma'a da Hausa. Uba ko wa da ke da irin wannan 'ya ko ƙanwa a gidansa, ya ɗauke ta da shaidu biyu su tafi gaban alƙali cikin wannan mako.