Kofin da ba ya biyan kuɗin otal: Halin da matan tanis ke ciki a ƙananan gasa

Kusan kowane ƙarshen mako, a birnin Monastir da ke gaɓar teku a Tunisiya, ana miƙa wa wasu mata biyu ɗan ƙaramin kofi, a ɗauke su hoto, kowa ya watse. Sun lashe wasan 'yan bibbiyu ne a gasar W15, mataki mafi ƙasa a jerin gasannin ƙwararru na hukumar tanis ta duniya, ITF. Haka ake yi a Sharm el-Sheikh na Masar da Antalya ta Turkiyya, inda ake jera irin waɗannan gasanni mako bayan mako a filayen otal-otal.

Lambar 15 ɗin tana nufin dala 15,000, wato jimillar kuɗin da za a raba wa kowa da kowa. Kaso mafi tsoka na 'yan ɗai-ɗai ne. Matan da suka ci wasa huɗu a jere suka ɗauki kofin bibbiyu, abin da ake ba su bai kai dala 1,000 ba, kuma biyu za su raba. Waɗanda aka fitar a zagayen farko kuwa, ladansu bai kai dala 100 ba, su biyun. A ciki za a cire haraji, a biya ɗaki da abinci, a biya mai ɗaure igiyar raket, kafin a zo maganar tikitin jirgi. A Wimbledon ta 2024, Katerina Siniakova da Taylor Townsend sun raba fam 650,000 a kan wasa iri ɗaya. Babu mai cewa a daidaita Monastir da Landan. Amma a ce mace ta zama zakara, ta koma gida da bashi, wannan ba tsarin sana'a ba ne.

ITF da kanta ta san haka. Binciken da ta yi a kan shekarar 2013 ya nuna mata 253 ne kacal a duniya suka iya mayar da kuɗin da suka kashe, kuma ko albashin koci ba a sa a lissafin ba. Kusan rabin waɗanda suka buga gasannin ƙwararru a shekarar ba su samu ko sisi ba.

To me ya sa suke shiga bibbiyun? Saboda yarinyar da aka fitar ranar Talata a wasan ɗai-ɗai ta riga ta biya ɗaki, gara ta nemi abokiya ta ƙara samun wasa da ɗan maki. Sau da yawa a wurin rajista ake ƙulla ƙawancen, tsakanin mutum biyu da ko yaren juna ba sa ji sosai. An kuma gajarta wasan: idan kowane ɓangare ya ci turmi ɗaya, ba a buga na uku, sai a yi tseren maki goma. Kuskure biyu ko uku sun isa su raba mutum da kuɗin makonsa.

Masu shirya gasa suna da hujjarsu, cewa ba a kallon bibbiyu, don haka ba ya kawo kuɗi. Gaskiya ne kujerun babu kowa. Sai dai a wannan mataki ko wasan ɗai-ɗai ba a cika kallo ba, kuma kuɗin ba daga ƙofa yake shigowa ba. A 2012 ITF ta fara sayar da sakamakon wasanninta kai-tsaye ga kamfanin Sportradar, wanda ya riƙa raba wa kamfanonin caca, daga baya aka sabunta yarjejeniyar a kan dala miliyan 70 na shekara biyar. Shi ya sa matashin da ke riƙe da waya a Legas ko Manila zai iya zuba kuɗi a kan wasan wasu mata huɗu da bai taɓa jin sunansu ba. Ashe dai ana kallo, a allon caca.

Nan haɗarin yake. Idan wani ya yi wa 'yar wasa tayin abin da ya fi kyautar kofi don ta zubar da turmi ɗaya, ga kuma kuɗin otal na jiran ta, an bar wa kura ajiyar nama. Kwamitin bincike mai zaman kansa da ya fitar da rahoto a 2018 ya gano cewa a ƙananan gasanni matsalar sayar da wasa ta fi muni, har ya ba da shawarar a daina sayar da sakamakon gasannin dala 15,000. Hukumar ITIA, wadda ta fara aiki a 2021, tana dakatar da masu laifi, kuma daidai ne. Amma hukunci kaɗai ba ya biya wa kowa ɗaki. Waɗanda ba su sayar da komai ba ma ba su tsira ba, domin 'yan cacar da suka yi asara kan bi su da zagi da barazana a Instagram.

Mu a Afirka abin ya fi shafar mu, don ta wannan ƙofa 'ya'yanmu ke shiga. Ons Jabeur ta Tunisiya da Mayar Sherif ta Masar duk ta ƙananan gasannin ITF suka bi. Angella Okutoyi ta Kenya kuwa, a wasan bibbiyu na 'yan mata ta kafa tarihi a Wimbledon a 2022. A Najeriya, gasar Kofin Gwamna da aka shafe shekaru ana yi a Onikan da ke Legas ta ba 'yan gida damar karawa da baƙi ba tare da neman biza ba. Yarinyar da ba ta da irin wannan gasa a kusa, sai ta nemi kuɗin jirgi zuwa Tunisiya.

Abin da muke nema daga ITF ba shi da yawa. Ta ƙara kason bibbiyu yadda zakara za ta iya biyan kuɗin makonta. Ta ɗauki nauyin ɗakin duk wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe, daga kuɗin da take karɓa a kan sakamakon wasannin. Idan kuma ta ce ba za ta iya ba, to ta cire wasannin waɗannan mata daga kasuwar caca, kamar yadda aka shawarce ta tun 2018.