SU SUNA AUNA TASU ƘASAR, MU WA KE AUNA TAMU?

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, idan ka fito daga masallaci yau ka nufi gida, ina roƙonka ka ɗan rage sauri ka dubi gindin katangun unguwarku. Ko a Gyadi-Gyadi kake, ko Tarauni, ko Darmanawa, ko Unguwa Uku, ba za ka yi nisa ba sai ka ga tabon ruwa a jikin bango, wato layin da ambaliyar damina ta bari. Za ka ga lungun da ruwa ya ƙwaƙule tsakiyarsa har mai babur yana kauce masa, ka ga gidan da harsashinsa ya fito fili. To tambayata guda ce: wa zai iya faɗa mana taku nawa ruwa ya ci daga wannan lungu tsakanin bara da bana?

Ka je majalisa ka jefa wannan tambaya ka ji. Wani zai ce ruwan bana ya fi na bara, wani ya ce ina, ai na bara waccan ba a taɓa yin irinsa ba. A yi ta musu har a kira Magariba, a watse ba wanda ya kawo hujja. Mun jingina da maganar nan ta magabata cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wannan a kasuwar hatsi gaskiya ne. Amma a sha'anin ƙasar da ke zaizayewa ƙarƙashin ƙafafunmu, mai ido yana mantuwa, kuma ran da ya mutu ya tafi da abin da ya gani.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne labarin wasu mutane da su ma ƙasarsu ke zaizayewa, amma suka bi wata hanya daban da tamu. Can ƙuryar arewacin duniya, a Siberiya ta Rasha da Alaska ta Amurka da arewacin Kanada, akwai ƙasar da sanyi ya daskarar da ita ta zama kamar dutse, wata tun dubban shekaru. Masana sukan kira ƙasa da sunan daskararriya idan ta shekara biyu a jere ba ta narke ba. A cikinta akwai ganyaye da saiwoyi da gawarwakin dabbobi waɗanda sanyi ya hana su ruɓewa, kamar naman da aka ajiye a firji. An ƙiyasta cewa sinadarin kabon da ke binne a cikin wannan ƙasa ya kai tan biliyan 1,400 zuwa 1,600, wato kusan ninki biyu na wanda ke cikin iskar duniya gaba ɗaya.

To yanzu firjin ya fara lalacewa. Wani bincike da aka buga a 2022 ya nuna cewa tun daga 1979 wannan yanki yana ɗumama kusan ninki huɗu na yadda sauran duniya ke ɗumama. Ƙasar tana narkewa, abin da ke cikinta yana ruɓewa, yana fitar da iskar da ke ƙara wa duniya zafi, zafin kuma ya dawo ya ƙara narkar da ƙasar. A bakin teku kuwa abin ya fi muni, domin ƙanƙarar da a da take rufe ruwa ta kare gaɓa tana janyewa, igiyar ruwa tana dukan ƙasar da ta riga ta yi laushi, sai ta riƙa zaftarewa cikin teku.

Abin lura a nan, ɗan'uwa, shi ne yadda aka san duk wannan. Ba da musun majalisa aka sani ba. Mutane ne suka kafa turaku a bakin gaɓa suna komawa kowace shekara da igiyar awo, suka haƙa ramuka suka zura ma'aunin zafi, suka tattaro tsofaffin hotunan da jiragen sama suka ɗauka suka gwama da na tauraron ɗan'adam. A 2012 wata tawagar masana daga ƙasashe daban-daban, ƙarƙashin jagorancin Hugues Lantuit na Cibiyar Alfred Wegener da ke Jamus, ta haɗa waɗannan awo a kundi guda da ya ƙunshi gaɓar teku mai tsawon kilomita sama da 100,000. Kundin ya nuna cewa a matsakaicin lissafi teku yana cin rabin mita a kowace shekara. A wani yanki na gaɓar Alaska kusa da Drew Point, awo ya nuna zaizayar tana cin mita 6.8 a shekara tsakanin 1955 da 1979, sai ga ta ta kai mita 13.6 a shekara tsakanin 2002 da 2007. Ka ga ta ninka, kuma ba mai iya musu, domin a rubuce yake. Da irin wannan hujja mutanen ƙauyen Newtok a Alaska, waɗanda kogi ke cin ƙasarsu, suka yi ta bin hukumomi har aka fara mayar da su sabon mazauni mai suna Mertarvik a 2019.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da ƙanƙarar Siberiya, mu da zafin watan Afrilu ke hana mu barci? Ruwanmu kuwa da ita, domin iskar duniya ba ta san kan iyaka ba. Abin da ya tashi daga can yana haɗuwa da hayaƙin masana'antu da na motoci ya ƙara zafi, iska mai zafi kuma ta fi ɗaukar danshi, kusan kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya da aka ƙara. Shi ya sa in hadari ya haɗu yakan juye ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci. A 2017 wasu masana ƙarƙashin Christopher Taylor na Ingila suka bi hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, suka gano cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi a yankin Sahel, wanda muke bakinsa, sun ninka sau uku. Mu ne ruwan ke duka, amma wasu ne daga nesa suka ƙirga mana shi.

Kuma mun ga abin da ruwa ke yi. Iyayenmu ba su manta da fashewar madatsar Bagauda a Agustan 1988 ba. A 2022 ambaliya ta kashe mutane fiye da 600 a Nijeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, shekaru 30 bayan irin haka ta faru a 1994. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ka san abin yi.

Sai dai a nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ba kowane ruwan da ya shiga ɗaki a Tarauni ne laifin Turawa ko narkewar ƙanƙara ba. Kududdufan da kakanninmu suka bari bayan sun haƙi ƙasar gini, su ne ke shanye ruwan unguwanni, ga shi da yawa an cike su an yi gini a kai. An toshe hanyoyin ruwa da shaguna da katangu. Mu kanmu muna juye shara da leda a lambatu, in hadari ya taso mu ce ruwa zai tafi da ita. To ta yaya za a rarrabe tsakanin laifin sama da laifin ƙasa? Sai da awo. Idan littafi ya nuna cewa shekaru biyar da suka wuce an yi ruwan milimita 60 bai shiga gidanku ba, bana kuma na milimita 30 ya shiga, ka san cewa matsalar tana cikin kwalbati, kuma ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Wanda ba shi da littafi, duk abin da aka faɗa masa sai ya karɓa. A ce masa ruwan bana ne ya yi yawa, ya yi shiru ya koma yana kwashe ruwa da bokiti.

Na san akwai 'yan'uwan da za su ce ruwa na Allah ne, me ɗan'adam zai auna? Lallai na Allah ne, kuma mai awo bai ce shi ke saukar da shi ba. Amma a tuna cewa a shekarar 861 Miladiyya, zamanin Halifa Al-Mutawakkil na daular Abbasiyya, aka gina ma'aunin kogin Nilu a tsibirin Rauda da ke Alƙahira, kuma ginin yana nan har yau. Kowace shekara ana duba inda ruwa ya kai a jikin ginshiƙin, a rubuta. Idan ya kai kamu 16 an san za a samu albarkar noma, idan ya gaza a shirya wa fari, kuma da wannan awo ake daidaita harajin manoma. Ɗaruruwan shekaru ana rubutawa, har injiniyoyin ƙarni na 20 suka yi amfani da wannan tsohon lissafi wajen nazarin girman madatsun da kogin ke buƙata. Saboda haka awo da ajiye shi gadonmu ne da muka yi sakaci da shi.

Akwai kuma masu cewa, su suka ɓata duniya, su gyara. Haka ne, nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da ake fitarwa a duniya, amma talakawanta na cikin masu shan wahalar abin. A taron yanayi na Sharm el-Sheikh a Masar a 2022 an amince a kafa asusun biyan asarar da sauyin yanayi ke jawo wa ƙasashe raunana. To amma duk wanda ya taɓa zama a kotun Gyadi-Gyadi ya saurari shari'a ya san cewa alƙali ba ya hukunci da yawan kuka, shaida yake nema. Haka abin yake a gaban ƙaramar hukuma, haka yake a gaban gwamnatin jiha, haka kuma a gaban duniya. Wanda ya zo da takarda shi ake saurare.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa tana auna ruwa a tashoshinta, tana kuma fitar da hasashen damina kowace shekara, wannan aikinta ne. Amma kowa ya san a Kano sai a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Hotoro, a Kabuga ko ɗigo ba a gani ba. Ma'auni ɗaya a filin jirgi ba zai faɗi abin da ya sauka a lungunku ba. Wannan giɓi ku ne za ku cike shi, ya ku samari, kuma ba ya buƙatar kuɗi.

Ku samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne. Ku kafa shi a fili, nesa da indararo da bishiya. Kowace safiya a lokaci guda, misali bayan an fito sallar Asuba gari ya waye, mutum ɗaya ya zura rula ya ga milimita nawa, ya rubuta da kwanan wata, ya zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba ma a rubuta sifiri, domin ita ma shaida ce. Ku sani milimita 1 daidai yake da lita 1 a kan kowace murabba'in mita. Ke nan ruwan milimita 50 a kan rufin gida mai murabba'in mita 100 lita 5,000 ne, wato jarka 200 ta 'yan garuwa mai lita 25, daga gida ɗaya kacal. Ku lissafa gidajen layinku, sannan ku dubi faɗin lambatun da ake so ya ɗauke duk wannan.

Inda kuma ƙasa ke zaizayewa, ku kafa turke a bayan bakin ramin, ku auna tsakaninsu a farkon damina, ku sake aunawa a ƙarshenta. Duk ranar da ruwa ya hau katanga, ku ja layi da fenti a inda ya tsaya, ku rubuta kwanan wata. Ku ɗauki hoto da waya daga wuri guda kowace shekara. A ajiye littafin a hannun mutum biyu, a kai kwafi wajen mai unguwa, a kuma nemi ɗaliban sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Bayero da ke unguwa su duba ko ana yin awon daidai.

Shekarar farko za a yi muku dariya, a ce samari sun rasa aikin yi. Ku yi haƙuri. Su ma waɗancan na Alaska, wanda ya ɗauki hoton gaɓarsu a 1955 bai san ranar da za a buƙace shi ba. Ƙaramar hukumar Tarauni tana da mazaɓu 10. Idan kowace mazaɓa ta samu samari uku da suka riƙe gwangwani da turke da littafi na shekaru biyar, za mu je gaban kowane mahukunci mu buɗe masa shafi mu ce ga ruwan da ya sauka, ga inda ya kai, ga ƙasar da ya ci, ga kwalbatin da ya gaza. Ku fara neman gwangwanin tun yau, kafin hadari ya sake haɗuwa a gabas.

Allah Ya kare mana gidajenmu da rayukanmu, Ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.