Kacici-kacici da batun Kwaja

A ofisoshin Sakatariyar Tarayya da ke Abuja, ba a rasa ma'aikacin da zai amsa nan take cewa giwa tana ɗaukar ciki kusan wata 22, ko cewa a 1969 ɗan Adam ya fara taka duniyar wata, ko cewa da kuntigi Ɗan Maraya Jos ya yi suna. Wannan sani abin yabo ne. Amma da za a tambayi zauren nan ina Kwaja take, da wuya shiru bai biyo baya ba.

Kwaja gari ne a ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu a Jihar Adamawa, cikin duwatsun da suka raba Najeriya da Kamaru. Yankin ya zauna ƙarƙashin Jamus, sannan ya koma riƙon amana a hannun Ingila bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi Najeriya, suka shigo a ranar 1 ga Yunin shekarar, aka kira yankin Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedikwatarsa. Wato waɗannan mutane da ƙuri'arsu suka zama 'yan ƙasa, abin da mafi yawan 'yan Najeriya ba za su iya tinƙaho da shi ba.

Hukuncin da Kotun Duniya ta yanke ranar 10 ga Oktoban 2002 an fi tuna shi da Bakassi, alhali ya bi iyakar tudu tun daga Tafkin Chadi har bakin teku. A sashen duwatsun Mubi, kotun ta dogara da yarjejeniyar Thomson da Marchand ta zamanin Turawa, wadda ta ɗora iyaka a kan layin da ruwan sama ke rabuwa, wani ya gangara gabas, wani yamma. A aji, wannan darasin labarin ƙasa ne mai maki biyu. A wurin manomin da gidansa ke gefe guda gonarsa kuma ta haura tudu, magana ce ta wace ƙasa za ta karɓi harajinsa, wace hukuma kuma zai kai wa kuka. Kotun ta bar wa ƙasashen biyu nauyin kare haƙƙin irin waɗannan mazauna, kuma a kan teburan Abuja takardun wannan nauyi suke yawo.

A nan ne wannan jarida take ganin giɓi. Jami'in da bai san wannan tarihi ba zai ɗauki koken mutanen iyaka tamkar ƙorafin da aka saba jingine wa. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai: shekaru da dama darasin tarihi ba ya cikin manhajar firamare, sai a 2022 gwamnati ta ƙaddamar da maido shi.

Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya tana shirya jarrabawar ƙarin girma. Ya kamata ta haɗa kai da Hukumar Kula da Iyakoki ta Ƙasa, a sa tambayoyi kan ƙuri'ar 1961, da hukuncin 2002, da Sukur ta Madagali wadda UNESCO ta amince da ita a 1999. Mataimakan 'yan majalisa kuwa, masu rubuta ƙudurorin da iyayen gidansu ke karantawa a zaure, ba sai sun jira jarrabawa ba. Taswirar Adamawa tana cikin wayar da ke hannunsu.