Kotun da ta auna hawaye ta manta da jini

Yaranmu da suka yi lise a nan Kamaru sun san littafin L'Étranger, wato Baƙo, wanda Albert Camus ya fitar a 1942. Mu da muka tashi da allo da tawada, sai da girma ya zo muka sa aka karanta mana shi, domin mun ji samari suna ambaton Meursault kamar wani gwarzo da ya ƙi yi wa jama'a ƙarya.

Labarin bai da tsawo. Meursault ma'aikacin ofis ne a birnin Aljiyas zamanin mulkin Faransa. Mahaifiyarsa ta rasu a gidan tsofaffi a Marengo. Ya je, ya kwana gaban gawa yana shan kofi da madara, yana busa taba, bai zubar da hawaye ba. Kashegarin binnewa ya tafi iyo, ya haɗu da wata Marie, suka tafi silima kallon fim ɗin barkwanci. Daga baya rigimar maƙwabcinsa Raymond ta ja shi bakin teku, ya harbi wani Balarabe sau ɗaya, ya ƙara masa huɗu yana kwance. Da aka zo shari'a, mai gabatar da ƙara ya fi daɗewa kan kofin da rashin kukan fiye da kan ran da aka ɗauka, aka yanke masa hukuncin fille kai.

Masu falsafar wanzuwar ɗan'adam suna karanta shi a matsayin mutum guda da taro ya murƙushe don ya ƙi nuna abin da ba ya ji, ko da yake Camus kansa ya ƙi a sa shi cikin sahunsu. A nan muna ba samarin gaskiya rabi, kuma rabin nan a kanmu yake faɗowa. Aikinmu a zauren Maigida ya haɗa da riƙe littafin ta'aziyya da na gudummawa, mun kuwa san yadda ake amfani da shi. Wane ya zo ran uku, wane bai zo ran bakwai ba, wance ba a ji muryarta ba da aka fito da makara. An taɓa kawo ƙarar wani saurayi da ya koma bakin aikinsa kwana biyu bayan rasuwar mahaifinsa, aka ce ba shi da zuciya. Da muka bincika, ashe shi kaɗai cikin 'ya'yan yake bin masu bin mamacin bashi gida-gida yana biya. Ranar nan mun ji kunya, don kujerar alƙalan Meursault muka hau ba mu sani ba.

Abin da muka koya a Risala da Iziyya bai ɗora wa kowa kuka ba. Wanka da likkafani da salla da binnewa farilla ce ta kifaya, idan wasu sun yi ta sauka daga kan saura. Hawaye rahama ne ga wanda ya zo masa, kururuwa kuwa an hana ta, yin abu don idon mutane kuma riya ce. Yawancin abin da muke tuhumar 'ya'yanmu da shi al'ada ce da muka ɗaura wa rawanin addini. Dalilinmu sananne ne: mu tsiraru ne a ƙasar da harshenmu ba shi ne na gwamnati ba, muna tsoron ranar da zaure zai zama wayam. Tsoro ne na gaskiya, amma ba ya mai da al'ada farilla.

Sai dai ɗaya rabin ba za mu sakar wa samari ba. Akwai gawa ta biyu a littafin, kuma marubucin bai ko raɗa mata suna ba. Balarabe kawai ake ce masa daga farko har ƙarshe. Meursault ya ce rana ce ta sa shi harbi, bai nuna nadama ba, ya kuma taimaki Raymond da wasiƙar da aka yaudari 'yar'uwar mamacin aka dake ta. Mutumin da bai yi ƙarya game da zuciyarsa ba, amma ran wani bai dame shi ba, ina gwarzantakarsa? Hakkin bayin Allah ba ya jiran sai ka ji shi a ranka kafin ya hau kanka. Sai a 2013 wani marubucin Aljeriya, Kamel Daoud, ya sake ba da labarin ta bakin ƙanen mamacin, Haruna, ya ce sunan wansa Musa, yana da uwa da ta yi shekaru tana neman gawarsa.

Mun roƙi Maigida, Allah ya ƙara masa lafiya, a daina karanta sunayen waɗanda ba su halarci zaman makoki ba a bainar jama'a, a buɗe wani shafi na bashin mamata da marayun da suka bari. Ya ce a kawo maganar gaban dattawa bayan sallar Juma'a mai zuwa, kuma samari ma su zo.