Shin Sauraron Mutane Ma Sai An Yi Masa Digiri?

Ran nan da muna hira a ɗakin kwana bayan karatun dare, aka shiga tambayar kowa abin da yake so ya zama. Masu son likita suka faɗi nasu, masu son injiniya da soja suka faɗi nasu. Da aka zo kaina na ce ni ilimin halayyar ɗan Adam nake so, fannin ba da shawara, har in kai ga digirin dakta. Sai ɗaki ya kwashe da dariya. Wani ya ce, "Wato za ka kashe shekarunka don ka koyi hira? Ai kakata ma ta iya wannan, ba ta kuwa taɓa shiga aji ba." A daren nan ban sami amsa ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Da fari bari mu san ko mene ne karatun. A ƙasar Amurka, inda wannan fanni ya fi kafuwa, bayan digirin farko ɗalibi yakan ƙara shekara biyar ko shida, wani lokaci ma fiye. Yana karatu a aji, yana zama da masu damuwa a ƙarƙashin kulawar wani gwani, sa'an nan ya yi shekara guda cur yana aikin koyo a asibiti ko wata cibiya, ya kuma rubuta kundin bincike. Duk da haka ba zai fara aiki da kansa ba sai ya ci jarrabawar lasisi. Shi ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne, galibi ba ya rubuta magani. Aikinsa shi ne ya taimaki wanda baƙin ciki, ko fargaba, ko rikicin gida ya sha masa kai, tun abin bai kai ga kwanciya asibiti ba.

To, me ya sa sai an daɗe haka? Domin kuwa kunne bai isa ba, sai an san wanda ake saurara. A shekarar 1977 wani masani mai suna Stanley Sue, Ba'amurke ɗan asalin Sin, ya buga sakamakon binciken da ya yi a cibiyoyin lafiyar ƙwaƙwalwa na yankin Seattle. Ya gano cewa wajen rabin waɗanda suka fito daga ƙananan al'ummomi, irin su baƙaƙen fata da 'yan asalin Asiya da Indiyawan daji, ba su sake komawa ba bayan zuwan farko. A cikin Turawa kuwa wajen uku ne cikin goma suka ƙi komawa. Ku duba fa, ƙofa a buɗe take, ba wanda ya kore su. Mutum ne ya ɗauko damuwarsa da ƙyar, ya tarar da wanda bai san harshensa ba, bai san yadda ake kunya a gidansu ba, sai ya mayar da kayansa ciki ya tafi.

Wanda ya fi burge ni a wannan tarihi mace ce, Mamie Phipps Clark. An haife ta a jihar Arkansas a 1917, lokacin da doka ta raba makarantun baƙaƙe da na Turawa a kudancin Amurka. Ta sami digirin dakta a Jami'ar Columbia a 1943, shekara uku bayan mijinta Kenneth Clark ya sami nasa a can. Su biyun suka yi wani gwaji mai sauƙi ƙwarai. Sukan ajiye 'yar tsana fara da mai duhun fata a gaban yaro baƙar fata, ɗan shekara uku zuwa bakwai, su tambaye shi wadda ya fi so, da wadda ta fi kyau, da wadda ba ta da kyau. Mafi yawan yaran suka zaɓi farar. Daga ƙarshe sai a ce wa yaro ya nuna wadda ta yi kama da shi. A nan ne waɗansu suka fashe da kuka. Duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, don ina da ƙanwa 'yar shekara biyar. A 1954, da Kotun Ƙoli ta Amurka ta haramta raba makarantun gwamnati saboda launin fata, ta ambaci aikin Kenneth Clark cikin hujjojinta. Tun a 1946 kuma sun buɗe cibiyar Northside a unguwar Harlem ta birnin New York, domin yaran da sauran cibiyoyi ba su damu da su ba. Ina tambayar abokina mai dariya: da ba su da wannan digiri, wane alƙali ne zai tsaya ya ji ta bakinsu?

Kada a ce na ɓoye laifin fannin. Shi kansa ya daɗe yana cutar waɗannan mutane, yana auna basirar yaransu da jarrabawar da aka tsara don waɗansu, sa'an nan a ce ba su da ƙwaƙwalwa. Wannan na cikin abin da ya sa masana baƙaƙen fata suka kafa tasu ƙungiya a 1968. Sai a 2021 ne babbar ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta fito fili ta nemi gafara. A ganina wannan dalili ne na shiga, ba na gudu ba, gama ba a gyara ɗaki daga waje.

Amma fa maganar kaka tana da ƙamshin gaskiya, ba zan musa ba. Dakta Thomas Adeoye Lambo ya nuna haka a nan Nijeriya. A 1954, a Aro kusa da Abeokuta, maimakon ya kulle marasa lafiya sai ya sauke su a gidajen ƙauyukan kewaye, kowa tare da ɗan'uwansa, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Daga baya har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Sai dai a lura, Lambo ya yi karatun likita mai zurfi a Ingila kafin ya san abin da zai ɗauka a wurin kaka da abin da zai bari. Kaka ta iya lallashi, amma ranar da jikanta ya daina barci, ya daina ci, ya fara zancen ya gaji da duniya, mai yiwuwa ta ce rashin haƙuri ne, alhali kuwa ciwo ne da ake warkewa.

Ba sai mun haye teku ba kafin mu ga ƙaramar al'umma. Sa'ad da nake aji ɗaya akwai wani yaro a ɗakinmu wanda shi kaɗai ne mai jin yarensu a duk makarantar. Hausarsa ba ta nuna ba, Turancinsa ma haka, in ya yi magana sai a kwaikwaye shi. Ya koma shiru, yana barin tuwonsa a kwano. Muka sa masa suna miskili. Da aka dawo hutu akwatinsa bai dawo ba. Ni ma ina cikin masu kwaikwayon, kuma har yau ban san inda yake ba.

Ya ku iyayenmu, na san abin da ke ranku: shekarun da yawa, kuɗin da yawa, aikin kuma bai yi suna kamar na likita ba. Gaskiya ne. Amma a farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Takarda ba ta sauraron kowa, sai an sami mutanen da za su zauna a kujerar, masu jin Hausa da Fulatanci da Barbarci da Nufanci da sauran harsunan da ko sunansu ba mu iya faɗa daidai ba. In Allah ya kai mu hutun ƙarshen zango, zan sa wannan mujalla a gaban Baba bayan sallar isha'i, in ji abin da zai ce.